Haƙƙin Karen Da Ba Ya Farauta

A watan Mayun 2024 wata baƙar karya mai suna Sage ta zo ta ɗaya a gasar karnuka ta Westminster, wadda ake yi a birnin New York tun 1877. Sage 'yar irin Poodle ce mai matsakaicin jiki. Duk wanda ya ga hotonta, gashin zai fara gani kafin ya ga dabbar: ya yi tozo a kai da ƙirji, an aske fuska da cinyoyi ƙwal, an bar curi-curi a ƙafafu da bakin wutsiya. Kafin a kai ga haka sai an shafe sa'o'i ana wanka da busarwa da taza da datsa da almakashi. Mai kallo zai ce ƙawa ce, kuma lallai akwai ƙawa a ciki. Amma da za a ɗauke hannu daga kan wannan karya na wata shida, gashin nan zai cukurkuɗe ya manne da fata, ya riƙa janta duk motsin da ta yi, ya tara danshi da dauɗa, har gyambo ya ɓulla a ƙarƙashinsa.

Ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, AKC, wadda aka kafa a 1884, ta kasa karnuka rukuni bakwai. Shida daga ciki suna da abin da ya haɗa 'ya'yansu: masu taya maharbi ɗauko tsuntsu, masu bin sawun nama, masu kiwo, masu gadi da jan kaya, masu shiga rami, da 'yan mitsi-mitsin da ake ɗauka a hannu. Na bakwai shi ne rukunin marasa farauta, inda Sage take. Asalinsa, karnuka gida biyu aka raba su, na farauta da waɗanda ba na farauta ba. Da tafiya ta yi tafiya aka yi ta cire wasu ana buɗe musu rukuni nasu, sai aka bar ragowar, iri kusan ashirin da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. A nan ake samun Poodle da Bichon Frise, da Chow Chow mai baƙin harshe, da Shar-Pei mai tattararriyar fata, da Dalmatian mai ɗigo-ɗigo, da Lhasa Apso, da Keeshond, da Buldog ɗin Ingila da na Faransa, da Xolo na Meziko wanda ba shi da gashi.

Kusan kowannensu ya taɓa yin aiki. Poodle a Jamus cikin ruwa yake faɗawa ya ɗauko agwagwar da aka harbo, kuma ana cewa askin nasa daga nan ya samo asali: a rage masa nauyi don iyo, a bar gashi a ƙirji da gaɓoɓi saboda sanyi. Dalmatian gefen keken doki yake gudu yana tsare dawaki, daga baya ya bi motocin kashe gobara na zamanin da dawaki ke jansu. Lhasa Apso ɗan gadin cikin gida ne a wuraren ibadar mabiya Buddha a Tibet, aikinsa haushi idan baƙo ya shigo. Keeshond yana tsaron jiragen ruwan dakon kaya a magudanan Holan. Shi kuwa Buldog, an ajiye shi ne don wata muguwar wasa da ake sa shi ya cafki hancin bijimi, har majalisar Ingila ta haramta ta a 1835.

Ayyukan nan duk sun tafi, karnukan sun rage, sun koma abokan zama. Daga nan tambaya ta taso, wadda ta shafi addini ta kuma shafi tunani: dabbar da ba ta farauta, ba ta kiwo, ba ta gadi, wadda ɗan Adam ya yi ɗaruruwan shekaru yana zaɓen wanda zai barbari wace a cikinta har ta kai ba za ta iya rayuwa sai da hannunsa ba, wane haƙƙi take da shi a kansa?

Abin da jikin yake nema

Amsar tana farawa ne daga jikin dabbar. Kerkeci, wanda daga zuriyarsa kare ya fito, ba ya buƙatar wanzami, haka ma karen ƙauye mai gajeren gashi. Gashinsu yana tsayawa idan ya kai iyakarsa, ya kaɗe da kansa idan yanayi ya juya. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa sauyi a ƙwayoyin gado uku kacal ne ya haifar da mafi yawan bambancin gashin karnukan gida, tsawonsa da murɗewarsa da kaushinsa. Irin wannan sauyi yakan ɓulla jefi-jefi, mutane suka gani ya burge su, suka yi ta haɗa masu shi da masu shi har ya zauna ya zama iri.

Gashin Poodle da na Bichon yana daɗewa yana tsawo, kuma wanda ya tsinke ba ya faɗuwa ƙasa, cikin murɗaɗɗen gashin yake maƙalewa. Shi ya sa masu gudun gashi a kan kujera da darduma suke son su. To amma gashin da bai zuba a ɗaki ba yana nan a jikin kare, sai an bi shi da burushi da mataji kusan kullum, tun daga tushe, musamman bayan kunne da hammata da tsakanin cinyoyi. Duk sati huɗu zuwa shida kuma sai an yi wanka da aski. Kunnuwansu a rufe suke, ga gashi a ciki, don haka danshi yana zama ya jawo ciwon kunne. Idan aka yi sakaci gashin ya dunƙule, macen da aka taɓa yi wa kitso mai tsauri ta san irin zafin, sai dai na karen ba ya sakin jiki bayan kwana biyu, kullum ƙara ɗaurewa yake yi. Likitocin dabbobi sukan tarar da tsutsa a ƙarƙashin irin wannan curi, wani lokaci ma ya shaƙe ƙafa ko kunne har jini ya daina zagayawa.

Lhasa Apso gashinsa miƙaƙƙe ne mai nauyi, yana iya kaiwa ƙasa ya rufe idanu. A birnin Lhasa, wanda tudunsa ya haura mita 3,600, wannan bargo ne mai amfani. A gidan da yake zaune yau, ko dai a riƙa taje shi sau da yawa a mako, ko a rage shi gajere.

Chow Chow da Keeshond riga biyu gare su, ta ciki mai laushi da ta waje mai kauri. Sau ɗaya ko biyu a shekara ta cikin takan zube da yawa, sai an tsefe matacciyar an fitar, in ba haka ba ta toshe iska fata ta yi ƙuraje. Masana ba sa son a aske su ƙwal don zafi, domin rigar wajen tana kare fata daga rana, kuma sau da yawa gashin ba ya dawowa daidai. Xolo nasa akasin haka ne: fata ce tsirara da rana ke ƙonawa sanyi ke dama, kuma ƙwayar gadon da ta hana shi gashi takan rage masa haƙora. Dalmatian ba ya buƙatar aski, amma yana kaɗe gashi duk shekara, yana kuma son doguwar tafiya kowace rana, saboda jikinsa na mai bin keken doki ne har yanzu.

Sai masu ninkin fata. Buldog da Shar-Pei suna da lunguna a fuska da wuya da gindin wutsiya inda danshi da maiƙo ke taruwa. Dole a riƙa buɗe kowane ninki ana gogewa ana busarwa, in ba haka ba ya yi ja, ya yi wari, ya zama miki. A jikin Shar-Pei fatar ido takan naɗe ta ciki, gashin ido ya riƙa goga ƙwayar, sai da tiyata a gyara. Kuma dukkansu, daga mai gashi har maras gashi, suna buƙatar yankan farce da wankin haƙori, tunda karen da ke zaune a ɗaki ba ya taka ƙasar da za ta cinye masa farce.

Abin da malamai suka ce

Musulmin da ya karanta wannan zai iya cewa maganar ta ƙare tun ba a fara ba, domin ajiye kare don nishaɗi ba abu ne da shari'a ta ƙarfafa ba. Gaskiya ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya ko biyu na lada kullum, sun kuma ruwaito cewa mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta hana ajiye shi a gidaje sai don waɗannan buƙatu. Mafi yawan malamai sun fahimci hani ne mai ƙarfi. Ibn Abdil Barr na Andalus ya ga cewa ragin lada yana nuna karhanci, bai kai haramci ba. Masu sharhin Risala ma sun kawo cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye karen gadi lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, abin da ke nuna cewa buƙata tana da gurbi a hukuncin.

A kan tsarki ma akwai saɓani. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin kare najasa ne, Hanafiyya suka ce yawunsa ne najasa. Mashhurin zance a mazhabar Malik shi ne kare mai rai tsarkakke ne har da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai umarni ne da ake bi don ibada.

Sai dai duk wannan amsar tambaya ɗaya ce: shin a ajiye shi? Akwai ta biyu da take zaman kanta: idan ya riga ya shiga hannun mutum, me ya wajaba a kansa? A nan nassoshi ba su da sassauci. Littattafan nan biyu da suka kawo ragin lada su ne suka kawo labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai haki, Allah Ya gafarta masa, da na karuwar Bani Isra'ila da aka yafe wa zunubanta saboda irin wannan aiki. Su ne kuma suka kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Laifin matar nan shi ne ta yanke wa dabbar hanyar taimakon kanta, sannan ta ƙi taimakonta. Karen da aka gadar masa gashin da ba zai iya gyarawa ba, an yanke masa wannan hanya tun kafin a haife shi.

Malaman fiƙihu sun mayar da wannan doka. Muhtasar na Shaihu Khalil ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, in ya ƙi a tilasta masa ya sayar. Izzuddin ibn Abdissalam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a littafinsa na ƙa'idojin hukunci: a yi musu hidima gwargwadon abin da irinsu ke buƙata ko da sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a amfana da su, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, kada a haɗa su da abin da zai cutar da su, a gyara makwancinsu da mashayarsu. Ma'aunin da ya kafa shi ne buƙatar irin dabbar. Raƙumi da doki kowanne da nasa. Idan aka bi wannan ma'auni, mataji da almakashi suna cikin haƙƙin Poodle, tsumman goge ninki yana cikin haƙƙin Buldog, daidai da ruwa da abinci.

Sauran addinai ma ba su yi shiru ba. Littafin Karin Magana na Baibul ya sa kula da ran dabba cikin alamun mutumin kirki. A Nepal akwai rana guda a bikin Tihar da ake rataya wa karnuka furanni ana ciyar da su, na gida da na titi. Mutanen Aztek na Meziko sun yi imani cewa Xolo ne ke yi wa ran mamaci jagora a lahira.

Abin da masu tunani suka ce

Masana falsafar Turai sun daɗe suna kai da kawo a kan matsayin dabba. A ƙarni na 17 Descartes ya ɗauke ta inji maras tunani. Kant ya ce mutum ba shi da wajibi kai tsaye a kan dabba, amma wanda ya harbe tsohon karensa don ya daina amfani ya lalata tausayin da ke cikin kansa, kuma zai iya yi wa mutane haka. A 1789 Jeremy Bentham ya juya tambayar, ya ce abin dubawa shi ne ko dabba tana jin wahala, ko da ba ta magana ko lissafi.

Waɗannan duk suna maganar dabba ce gaba ɗaya. Wanda ya sa yatsa a kan dabbar gida shi ne Yi-Fu Tuan, masanin Amurka haifaffen ƙasar Sin, a littafinsa na 1984. A ganinsa dabbar nishaɗi tana fitowa ne daga haɗuwar so da mulki: mutum yana ƙaunarta, amma yana lanƙwasa ta yadda ransa ke so, ko da lanƙwasawar ta nakasa ta. Gary Francione, malamin shari'a a Amurka, ya wuce nan, ya ce a kula da waɗanda ke raye har su mutu, sannan a daina haifar da dabbobin gida kwata-kwata, domin dogaron da aka ɗora musu zalunci ne a kan kansa. Clare Palmer kuwa, a littafinta na 2010, ta ce nauyin mutum a kan dabbar daji daban yake da nauyinsa a kan wadda ya jawo mata rauni da dogaro. Wanda ya haddasa buƙata shi ke da alhakin biyanta.

Ra'ayin Francione ya yi nisa. Dogaro kaɗai ba zalunci ba ne, tunda jariri ma ya dogara, tsoho ma haka, kuma Poodle ɗin da ake gyarawa ana fita da shi yakan kai shekara goma sha biyu zuwa sha biyar cikin ƙoshin lafiya. Ra'ayin Palmer ya fi kusa da gaskiya, kuma ya yi daidai da abin da Musulmi ke kira amana. Sai dai ra'ayoyin biyu sun tilasta a raba dogaro gida biyu: wanda hidima ke iya biya, da wanda babu hidimar da za ta biya shi.

Hancin da mataji ba ya gyarawa

Kare ba ya zufa a jiki sai kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya kansa, iska tana bi ta lungunan dogon hancinsa tana ɗauke zafi. An yi ta zaɓen Buldog mai gajeriyar fuska har ƙashin hancin ya kusa ɓacewa, amma naman cikin bai ragu daidai da ƙashin ba. Sai ƙofofin hanci suka tsuke, naman ganɗa ya yi tsawo ya riƙa toshe maƙogwaro. Minsharin da masu shi ke ɗauka abin sha'awa ne, kokawar neman iska ce. Irin wannan kare yana iya faɗuwa bayan 'yar gajeriyar tafiya cikin rana, wasu ma ba sa samun barci sosai sai a zaune.

Alƙaluma sun tabbatar da nauyin abin. Wani bincike a Birtaniya a 2010 ya gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwar Buldog ɗin Ingila da na Faransa da Boston Terrier da tiyata ake yinta, saboda kan kwikwiyo ya fi ƙarfin ƙugun uwar. A 2022 masana a kwalejin likitancin dabbobi ta Landan suka duba bayanan karnuka sama da 30,000 da suka mutu, suka ƙiyasta tsawon ran Buldog ɗin Ingila a shekara 7.4, na Jack Russell kuwa 12.7. Duk da haka, a shekarar ce Buldog ɗin Faransa ya zama irin da aka fi yi wa rajista a Amurka, ya kawar da Labrador da ya yi shekara 31 a kan gaba. Manyan idanu da faffaɗar fuska suna taɓa zuciyar mutum, kasuwa kuma tana bin abin da zuciya ke so.

Shar-Pei ma haka labarinsa yake. A 1973 wani mai kiwo a Hong Kong, Matgo Law, ya roƙi Amurkawa su ceci irin daga ƙarewa. Sun cece shi, amma masu saye sun fi son mai yawan ninki, sai aka yi ta ƙara ninkin fiye da na karen asali na kudancin Sin. Binciken 2011 ya danganta sauyin gadon da ke kawo ninkin da wani zazzaɓi mai dawowa da ke addabar irin, wanda kan kai ga lalacewar ƙoda.

A nan tambayar addini ta ƙara nauyi. Suratun Nisa'i, aya ta 119, ta ambaci tsaga kunnen dabbobi da canza halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ke umarni da su. Wannan ba ya nufin zaɓen iri haramun ne. Fulani sun daɗe suna zaɓen bijimi, da haka aka sami Bunaji da Rahaji da Bokolo, da haka aka sami tumakin Uda da Balami da jar akuyar Maraɗi. Amma makiyayi yana zaɓen abin da zai jure tafiya da fari, ya haihu da kansa, wato amfaninsa da lafiyar dabbar suna tafiya tare. Mai haɗa Buldog yana zaɓen siffar da ya san tana shaƙe dabbar, don ido ya ji daɗi. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska ya la'anci wanda ya yi. Lalas zafin rana ɗaya ne a fuskar dabba ɗaya. Gajeren hanci wahala ce ta tsawon rai da ake gadar wa zuriya bayan zuriya da gangan. Wannan mas'ala ce da ta cancanci malamai su zauna a kanta tare da likitocin dabbobi.

Wasu ƙasashe sun fara motsi. Bayan wani shirin BBC na 2008 da ya fallasa cututtukan karnukan gasa, gidan ya daina nuna gasar karnuka ta Crufts, ƙungiyar masu karnuka ta Birtaniya kuma ta sake rubuta siffofin da ake nema. A 2012 likita ya hana Buldog ɗin da ya zo na ɗaya a irinsa wucewa gaba a gasar. Holan ta kafa ma'auni a 2019 cewa tsawon hancin karen da za a haɗa ya kamata ya kai sulusin tsawon kansa. A Norway magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a Oktoban 2023 ta haramta ci gaba da haɗa irin Cavalier, ta bar Buldog bisa sharaɗin gwajin lafiya.

Akwai shaidar cewa gyara yana yiwuwa. Dalmatian na asali duk suna ɗauke da wani lahani na gado da ke sa tsakuwa a mafitsara. A 1973 wani masanin gado, Robert Schaible, ya haɗa Dalmatian da kare ɗaya na irin Pointer, ya ci gaba da mayar da zuriyar cikin Dalmatian har aka sami masu kama da na asali amma ba su da lahanin. Masu kishin tsarkin jini suka yi ta turjiya, sai a 2011 AKC ta amince da su. Shekara 38 aka ɗauka kafin a amince da abin da lafiyar dabbar ta riga ta yanke.

Idan karen ya iso Sahel

Akwai ƙorafin da ba za a tsallake ba. Amurkawa sun kashe kusan dala biliyan 147 a kan dabbobin gida a 2023, alhali yara suna kwana da yunwa a sassan duniya da yawa. Wanda ya ce wannan almubazzaranci ne yana da hujja mai ƙarfi, kuma hujja ce da ya kamata ta hana mutum sayen karen da hidimarsa ta fi ciyar da maraya tsada. Amma ba ta zama uzuri ga wanda ya riga ya saya ya bar shi cikin dauɗa da ciwo ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Maganar kuma ta daina zama ta Turawa kaɗai. A Legas da Abuja da Jos da Kaduna ana sayar da kwiyakwiyin Lhasa Apso da sauran masu dogon gashi, ana tallarsu a Facebook da Instagram, matasa suna saye don sha'awa ko don kiwon riba. Karen da aka gina jikinsa don sanyin Tibet ko arewacin Sin yana iya tsintar kansa a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga wutar lantarki ba tabbas. Kaska da ƙuma suna ɓuya cikin gashi mai kauri inda ido ba ya kaiwa, su sha jini su sa masa cuta. Ga ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, alhali allurar rigakafinsa tana nan, har cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yinta. Yankin Sahel kuma yana da karnukansa: na mafarauta da na makiyaya, da Azawak na Buzaye a Nijar da Mali, masu gajeren gashi da dogon hanci da siririn jiki, waɗanda suka dace da ƙasar.

Don haka wanda ke tunanin sayen irin waɗannan karnuka ya fara tambayar malaminsa ko buƙatarsa tana cikin abin da aka halatta, ya tambayi likitan dabbobi abin da irin yake nema kullum da kowane wata, ya auna aljihunsa da lokacinsa na shekara goma ko fiye. Mai gajeren hancin da ke numfashi da ƙyar kuwa, kada ya saye shi sam, domin kuɗin mai saye ne ke sa a ƙara haifar da wani. Wanda kuma karen ya riga ya shiga hannunsa, ya taje shi, ya goge masa ninki, ya cire masa kaska, ya ba shi inuwa da ruwa, ya kai shi a yi masa allura. In ya ga ba zai iya ba, ya miƙa shi ga wanda zai iya, kada ya ɗaure shi a bayan gida ko ya sake shi a titi.